Rigakafin Ciwon Hanta Nau'in B ga Ƙananan Yara: Misali daga Ƙasar Rano da Kibiya

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani. Wannan karin magana ya fi dacewa da cututtukan da idan suka zauna a jikin mutum ba a iya fitar da su gaba ɗaya, sai dai a yi ta lallaɓa su har ƙarshen rayuwa. Ciwon hanta nau'in B yana daga cikin irin waɗannan cututtuka. Yana shiga jikin jariri ba tare da wata alama ba, ya yi shekara ashirin ko talatin yana ɓarna a ɓoye, sannan ya bayyana a daidai lokacin da mutum ya zama magidanci ko uwar 'ya'ya.

A wannan babi za a yi bayanin cutar da rigakafinta, da yawan yaran da rigakafin yake kaiwa gare su. An ɗauki ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano a matsayin misali, domin yanayin zamansu ya yi kama da na mafi yawan karkarar ƙasar Hausa, inda ake tura sababbin malamai aiki. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, allurar tana nan, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Babbar matsalar ita ce lokaci, wato ranar farko ta rayuwar jariri.

2.0 Shawara da Ciwon Hanta

Kafin a shiga bayani, ya kamata a tantance kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa, wato "shawara" da "ciwon hanta". A wajen Bahaushe, idan idon mutum ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, sai a ce shawara ce ta kama shi. A likitance kuwa wannan alama ce kawai, kuma cututtuka da dama suna kawo ta. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kawo ta, amosanin jini yana kawo ta, jarirai da yawa ma kan yi ta a makonsu na farko. Bugu da ƙari, akwai wata cuta dabam da sauro ke yaɗawa wadda kafofin yaɗa labarai ke kira zazzaɓin shawara, kuma tana da allurar rigakafinta da ake yi wa yaro yana da wata 9.

Ciwon hanta kuwa kumburin hanta ne da wasu ƙwayoyin cuta na bairos ke haddasawa. An kasa su gida biyar da haruffan A, B, C, D da E. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukar su. Nau'in B da C da D ta jini ake ɗaukar su.

Wannan bambanci yana da amfani a aikace. Idan aka ce wa uwa "a kai jariri allurar shawara", tana iya cewa ai idonsa fari ne tas, ko kuma ta ce an gaya mata sai ya kai wata 9. A duka biyun ba ta yi ƙarya ba, kalmar ce ta ɓatar da ita. Mafi yawan yaran da ke ɗauke da nau'in B ba su taɓa yin shawara ba. Saboda haka a wannan babi "ciwon hanta nau'in B" za a riƙa cewa.

3.0 Yadda Cutar Take

Hanta ita ce ke tace jini, ta sarrafa abinci, ta samar da matsarmama. Idan ƙwayar cutar ta shiga jikin baligi mai lafiya, galibi garkuwar jikinsa kan kore ta cikin 'yan watanni. Ƙasa da kashi 5 cikin 100 na manya ne cutar ke zaunar musu. Ga jariri kuwa al'amarin akasin haka ne. Kimanin kashi 90 cikin 100 na jariran da suka kamu a shekararsu ta farko, cutar kan zauna musu har girma. Tsakanin shekara 1 zuwa 5 kuwa, kimanin kashi 30 cikin 100 ne. Ke nan gwargwadon ƙuruciyar mai kamuwa, gwargwadon haɗarin zaman cutar. Daga cikin waɗanda ta zaunar wa, wasu hantarsu kan taurare ta ƙanƙance, wasu kuma su kamu da sankarar hanta.

Manyan hanyoyin yaɗuwarta su ne:

(a) daga uwa zuwa jariri a lokacin haihuwa;
(b) daga yaro zuwa yaro a shekarun farko, ta ƙuraje da raunuka;
(c) ta kayan da ke huda ko yanka fata, kamar allura da reza da aska, idan an yi amfani da su a jikin mutum fiye da ɗaya;
(d) ta ƙarin jinin da ba a tantance ba;
(e) ta saduwa tsakanin namiji da mace.

Ƙwayar cutar tana iya rayuwa a busasshen jini a kan reza ko aska har kwana 7 ko fiye. Amma ba a ɗaukar ta ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko gumi, ko cizon sauro. Haka kuma uwa mai ɗauke da ita tana iya shayar da ɗanta nono.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kuma ta kashe kimanin miliyan 1.1 a wannan shekara. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya gano ta a jinin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 12. Manoman gyaɗa da masara suna da wani ƙarin dalilin kulawa. Hatsin da ya yi fumfuna a rumbu yana iya ɗaukar wata guba mai cutar da hanta, kuma idan gubar ta haɗu da wannan cuta, haɗarin sankarar hanta yana ƙaruwa ƙwarai. Akwai magungunan da ke danne cutar, amma sau da yawa shan su na tsawon rai ne.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Allurar

Wani likita ɗan Amurka mai suna Baruch Blumberg ne ya gano alamar ƙwayar cutar a cikin jini, ya bayyana ta a 1965. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar da duniya ta keɓe domin tunawa da ciwon hanta. An amince da allurar rigakafi ta farko a Amurka a 1981, sannan a 1986 aka samar da irin wadda ake amfani da ita a yau. Ita wannan ba ƙwayar cuta mai rai ba ce, wani ɓangare ne na ɓawon ƙwayar da aka sarrafa, don haka ba ta iya sa wa yaro cutar.

Ƙasashe biyu sun zama abin misali. Taiwan ta fara shirin yi wa jarirai allurar a 1984, kuma cikin shekara 15 yawan yaran da ke ɗauke da cutar ya faɗo daga kimanin kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Sankarar hanta ma ta ragu a tsakanin yara. A Afirka ta Yamma, Gambiya ta fara wani babban gwaji a 1986. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowace ƙasa ta sanya allurar cikin rigakafin yara, a 2009 kuma ta ba da shawarar a yi wa kowane jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. A Nijeriya allurar ta fara samuwa a tsarin rigakafin yara na ƙasa a 2004. Daga 2012 aka fara amfani da allura mai haɗi biyar.

5.0 Jadawalin Allurar

Sau huɗu yaro ke samun kariya daga wannan cuta a shekararsa ta farko:

(i) Ranar haihuwa: allurar ciwon hanta ita kaɗai a cinya, tare da ɗigon shan inna da allurar tarin fuka, wadda ke barin tabo a dantse.
(ii) Mako 6: allura mai haɗi biyar ta farko.
(iii) Mako 10: ta biyu.
(iv) Mako 14: ta uku.

Allura mai haɗi biyar, wadda ma'aikatan lafiya ke kira Fenta, tana kare yaro daga mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Ba a yi wa jariri ita kafin mako 6. Wannan ne ya sa allurar ranar haihuwa ta zama dabam, kuma babu abin da ke maye gurbinta. Jaririn da ya haɗu da jinin mahaifiyarsa a wajen haihuwa, idan an yi masa allura nan da nan, jikinsa zai fara gina garkuwa kafin ƙwayar cutar ta kafu a hantarsa. Idan aka jira mako 6, mai yiwuwa aikin gama ya gama. Tsarin Nijeriya ya yarda a yi allurar har zuwa kwana 14, amma ƙarfin kariyarta daga cutar uwa yana raguwa da kowace ranar da ta wuce. Yaron da ya kammala alluransa yana samun kariya mai ƙarfi ta aƙalla shekara 20, wataƙila ma ta tsawon rayuwa.

6.0 Yawan Yaran da Ake Kaiwa Gare Su

Masana kan auna nasarar rigakafi ta hanyar duba yara masu wata 12 zuwa 23, a ga kashi nawa ne suka sami allurar Fenta ta uku. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin 100 ne kacal a Nijeriya baki ɗaya. Jihar Kano ba ta kai kashi 20 ba, Sakkwato kuwa kashi 3 ta samu. Wannan sakamako ne ya sa Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yara a watan Yulin 2017. Binciken 2018 ya nuna kashi 50, na 2021 kuma kashi 57. An ci gaba, amma burin da duniya ta sa a gaba shi ne kashi 90. A 2022 an ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 2 a Nijeriya ba su sami ko da Fenta ta farko ba.

Allurar ranar haihuwa ta fi kowace baya. A 2022 kashi 45 cikin 100 na jariran duniya ne suka same ta a kan lokaci, a yankin Afirka kuwa kashi 18. Dalilin a bayyane yake idan aka duba inda ake haihuwa. Binciken 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Nijeriya ne ake yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. Ma'ana, a cikin kowace haihuwa 6 a wannan shiyya, kusan 5 a gida ake yin su.

Jihar Kano ta ga sakamakon wannan giɓi ƙuru-ƙuru. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta ci gaba cikin 2023, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa. Tun da allura ɗaya ce ke kare mashaƙo da ciwon hanta, yaron da ya rasa ta ya rasa kariya daga duka biyun. Mashaƙo yana bayyana cikin 'yan kwanaki, jama'a su gani su tsorata. Ciwon hanta kuwa sai bayan shekaru masu yawa za a ga ɓarnarsa.

7.0 Halin da Ake Ciki a Rano da Kibiya

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma tana da tsohuwar sarauta. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 140,000 a ƙaramar hukumar Rano, da fiye da 130,000 a Kibiya. An ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, sannan dokar 2024 ta mai da ita mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Mafi yawan jama'ar manoma ne da makiyaya, suna zaune a garuruwa irin su Rurum da Saji da Lausu da Zurgu a ɓangaren Rano, da Tarai da Durba da Fammar da Kahu a ɓangaren Kibiya, da ƙauyuka da rugage da ke kewaye da su. Akwai babban asibiti a garin Rano, sauran wurare kuwa sun dogara ne da ƙananan asibitoci. A irin wannan yanayi, abubuwa huɗu ne ke shiga tsakanin jariri da allurarsa.

7.1 Al'adun haihuwa. A al'ada, mai jego ba ta fita kafin suna, wasu ma sai an yi arba'in. Mace mai cikin fari kan tafi gidan iyayenta goyon ciki, kuma kunyar ɗan fari kan hana ta da mijinta yin magana a kan jaririn. Ranar suna kwana 7 ke nan, wato lokacin da allurar ta fi amfani ya wuce. A cikin wannan mako ne kuma wanzami ke zuwa cire belu da yin aski, a wasu gidajen har da tsaga. Ke nan aska kan riga allura taɓa jikin jariri.

7.2 Nisa da hidima. Allurar kyauta ce, amma kuɗin babur zuwa asibiti da dawowa ba kyauta ba ne. Da damina hanyoyin ƙauye kan lalace, maza kuma suna gona. Idan aka haihu da dare ko a ƙarshen mako, kuma mai gida ba ya nan balle ya ba da izini, sai a jira.

7.3 Tsarin aiki a asibiti. Ƙananan asibitoci da yawa suna da ranakun rigakafi na musamman a mako. Kwalbar allurar tarin fuka tana ɗauke da rabon yara da yawa, kuma idan an haɗa ta dole a zubar da ragowar bayan awa 6. Don haka ma'aikaci kan jira yara su taru. Idan aka ɗaure allurar ciwon hanta da wannan rana, sai ita ma ta makara, alhali ita kwalbarta tana iya kaiwa kwana 28 bayan buɗewa matuƙar an kiyaye sharuɗɗan adanawa. Ana ajiye ta ne a sanyin da bai gaza digiri 2 ba bai kuma wuce 8 ba, kuma ƙanƙara tana lalata ta. Wannan ya sa firji mai aiki da hasken rana yake da muhimmanci a karkara.

7.4 Rashin yarda. Shakkun jama'ar Kano yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara 200 ne gwajin ya ƙunsa, 11 suka rasu, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha. Ko da yake magani aka gwada ba rigakafi ba, abin ya bar tabo a zukata. Daga 2003 zuwa Yulin 2004 an dakatar da rigakafin shan inna a jihar saboda zargin yana hana haihuwa. Da shigowar sarakuna da malamai cikin aikin, yarda ta fara dawowa, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Wani abin da ke korar iyaye shi ne zazzaɓi da kumburin cinya da kan biyo bayan Fenta. Uwar da ba a yi wa bayani ba cewa wannan kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, da wuya ta koma karo na biyu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin gyara. Ba dole ne mai jego ta fita ba, domin kaka ko gwaggo ko uba na iya kai jariri. Ungozoma da wanzami da mai unguwa su ne na farko da ke jin labarin haihuwa, kuma idan suka sanar da ma'aikacin lafiya a ranar, rabin aikin ya ƙare. Wanzami na iya amfani da sabuwar reza ga kowane yaro. Mai ciki kuma tana iya neman a gwada jininta a wajen awo, domin akwai maganin da likita kan ba wadda cutar ta yi yawa a jininta don kare abin da za ta haifa.

8.0 Rawar da Malami Zai Taka

Malami ba likita ba ne, kuma bai kamata ya yi wa kowa fatawar magani ba. Sai dai a ƙauye shi ne ake kawo wa takarda ya karanta, kuma maganarsa tana da nauyi. Ana sa ran malamin Hausa ya yi waɗannan abubuwa:

(a) Ya yi amfani da kalmomi daidai, ya bambanta shawara da ciwon hanta a darasi da wajen darasi.
(b) Ya iya karanta katin rigakafi, ya nuna wa iyaye ranar komawa.
(c) Ya hana ɗalibai yin karo-karon reza wajen fiƙe fensir da yanke farce, ya kuma rufe duk wani rauni da ya ga yana jini.
(d) Ya yi amfani da taron iyaye da malamai, da ajin yaƙi da jahilci, wajen isar da saƙo gajere, misali: "A kai jariri allura ranar da aka haife shi, kada a jira suna."
(e) Ya sanya batun cikin insha'i da wasan kwaikwayo da tattaunawar aji, domin yara kan kai gida abin da suka ji a makaranta.
(f) Kada ya ware ɗalibin da aka ce yana ɗauke da cutar, kada kuma ya tona asirinsa. Zama a benci ɗaya da cin abinci tare ba sa yaɗa ta.
(g) Shi kansa ya je a gwada shi. Idan ba ya ɗauke da ita ya karɓi allurar manya, idan kuma yana ɗauke da ita ya nemi likita, ya sa a gwada iyalinsa.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ciwon hanta nau'in B ya fi zama ga wanda ya kamu da shi yana jariri, kuma allura huɗu cikin mako 14 na farko suna kare yaro daga gare shi. An kuma ga cewa a wurare irin su Rano da Kibiya, inda mafi yawan haihuwa a gida ake yi, allurar ranar haihuwa ce ta fi kuɓucewa. A 2016 ƙasashen duniya suka ɗaura aniyar kawar da barazanar wannan cuta kafin ƙarshen 2030. Cikar wannan buri a ƙasar Hausa ta dogara ne da ko labarin haihuwa zai isa ga ma'aikacin lafiya a ranar da aka haihu, kuma malamin ƙauye yana cikin waɗanda za su iya tabbatar da haka.

Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin "shawara" da "ciwon hanta", tare da nuna illar cakuɗa su.
2. Me ya sa allura mai haɗi biyar ba ta maye gurbin allurar ranar haihuwa?
3. Kawo al'adun haihuwa guda uku, ka bayyana yadda kowace ta shafi rigakafi.
4. Wace alaƙa ce tsakanin annobar mashaƙo ta 2022 zuwa 2023 da ciwon hanta nau'in B?
5. Rubuta jawabi na shafi ɗaya da za ka gabatar a taron iyaye da malamai a kan allurar ranar haihuwa.